Fentin 'Ya'yan Wasa: Sana'a Ce Ko Shiririta?

Muna so a wannan wata mu amsa wata tambaya da iyayen yara suke ta yi mana, wasu a ƙofar makaranta, wasu bayan an fito masallaci, wasu kuma a bakin teburin mai agashe. Tambayar ita ce: "Ustaz, yaran nan sun yi kusan shekara biyu ba su shiga aji ba, wasunsu ko sunansu da ƙyar suke rubutawa, to me ya kai ku ɗaukar darasin ƙarshe na ranar Alhamis kuna zaunar da su suna shafa wa 'yan jakunan laka fenti?" Tambaya ce mai kan gado, kuma mai ɗa yana da haƙƙin ya yi ta. Saboda haka za mu yi bayanin yadda abin ya faro, da yadda ake aikin, da kuma dalilin da ya sa muke ganin bai kamata a raina shi ba.

Mu dai malaman firamare ne a arewacin Umdurman, yankin da ya karɓi dubban 'yan uwa daga Khartum da Bahri da sauran unguwanni bayan ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilu, 2023. Da aka sake buɗe makaranta, abin da ya fara ɗaukar hankalinmu shi ne wasan da yara suke yi lokacin hutun karin kumallo. Mu da muke yara, in muka sami laka a bakin Nilu, shanu muke ginawa, mu soka musu ƙaya a matsayin ƙaho, ko raƙuma, ko kuma mu ƙera mota da gwangwanin kifi da waya. Yaran yanzu kuwa motar yaƙi suke ginawa, irin wadda ake kira tacar, da babbar bindiga a bayanta, wasu har da jirgin nan maras matuƙi. Yaro ɗan shekara tara zai faɗa maka sunan kowace bindiga daga jin ƙararta. Wannan ba laifinsu ba ne, abin da ido ya gani ne hannu yake ginawa. Mun lura kuma cewa in ka hana su a makaranta, a bayan gida za su ci gaba. Sai muka yi shawara a tsakaninmu cewa tun da hannun yana son laka, gara mu ba shi aikin da zai ɗauke shi kwanaki, wanda ke buƙatar natsuwa da lura. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

AKWATIN DA YA ZO DAGA INGILA

Ana cikin haka sai wani tsohon ɗalibinmu da ke zaune a Ingila ya aiko mana da wani ɗan akwati. Da muka buɗe sai ga 'yan mutum-mutumi na roba, kowane bai kai tsawon ɗan yatsa ba, ga masu, ga takubba, ga garkuwa. Ashe Ansar ne, mayaƙan Mahadi. Wani kamfani ne a Ingila mai suna Perry Miniatures yake yin su, kuma manyan mutane masu furfura ne suke saye, su zauna dare da rana suna yi musu fenti, sa'an nan su jera su a kan tebur su buga wasan yaƙi da dokoki da ma'auni.

Wannan al'ada tana da tarihi mai tsawo a Turai. A 1824 wani hafsan sojan Farusiya, wato wani yanki na Jamus ta yau, mai suna Reisswitz ya gabatar wa manyansa wani wasa da ake yi a kan taswira da 'yan guntayen ƙarfe masu launin ja da shuɗi, don horar da hafsoshi. A 1893 kamfanin William Britain na Landan ya fito da dabarar zuba 'yan sojojin dalma masu rami a ciki, abin da ya sa suka yi araha har yaran talakawa suka samu. A 1913 marubucin nan H. G. Wells ya wallafa littafin dokokin wasa da irin waɗannan sojoji mai suna Little Wars. A yau birnin Nottingham ne cibiyar sana'ar, inda kamfanin Games Workshop yake. Mafi yawan abin da suke yi tsawonsa kimanin milimita 28 ne, kuma ana sayar da shi tsirara, ba launi. Mai saye shi zai yi masa fenti da hannunsa.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne, daga unguwarmu ana hango duwatsun Karari, inda aka gwabza ranar 2 ga Satumba, 1898. Ansar kimanin dubu 50 ne suka fuskanci rundunar Kitchener mai bindigogin Maxim da jiragen ruwa na yaƙi, kuma kafin azahar an kashe sama da dubu 10 daga cikinsu, alhali ɗaya ɓangaren mutum 48 ya rasa. A cikin Ansar akwai mutanen yamma irin kakanninmu, Hausawa da Fulani da Barebari, waɗanda hanyar hajji ta kawo. Ga shi wani Bature a ɗakinsa ya san cewa jibbar Ansar da damur ake ɗinka ta, da faci masu launi, ya san tutar Halifa Abdullahi baƙa ce, ya san sojan Ingila a Karari kaki suka sa ba jar riga ba, mu kuwa yaranmu da ke wasa a gindin duwatsun ba su sani ba. Dalili kuwa shi ne, duk wanda zai sa wa abu launi, dole ya tambaya ya san yadda abin yake. A da mukan kai yara Gidan Halifa su ga jibbar da idonsu. Yanzu wannan gida, da babban gidan tarihi na ƙasa da ke Khartum, duk sun sha wawaso da ɓarna a yaƙin nan. Abin da ya rage mana shi ne hotuna, da littattafai irin na Ismat Hasan Zulfo a kan Karari, da bakin dattawa.

'Yan aji shida ne suka yi wa Ansar ɗin akwatin fenti, a matsayin darasin tarihi, muka ajiye su a ofis. Amma ba mu yarda a buga wasan yaƙi da su ba. Wanda yaƙi yake nesa da shi yana iya mai da shi abin nishaɗi, ba ma ganin laifinsa. Mu kuwa a cikin ajinmu akwai marayun bara. Abin da muka ɗauka daga wajen Turawan nan shi ne hanyar aikin, wato yadda ake shirya ɗan ƙaramin abu a yi masa fenti ya yi kyau kuma ya jure hannu.

SHAFEN FARKO

Duk sirrin aikin yana cikin abin da ba a gani bayan an gama, wato shafen farko, wanda masu fentin gidaje a nan suke kira bitana. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Duk wanda ya yi karatun allo a khalwa ya san cewa bayan an wanke allo, sai an goga masa farin jir, an shanya shi ya bushe, kafin a ɗora masa tawadar da ake haɗawa da baƙin tukunya da ƙaro. In ba a yi haka ba, tawada ta nashe a cikin icce, rubutu ya dagule. Haka mai zayyana, wadda a nan ake kira sharafa, ba ya fara ado sai fuskar allo ta yi fari sumul. Mashahurin mai zanen nan Ibrahim El-Salahi, haifaffen Umdurman a 1930, wanda aka baje kolin ayyukansa a gidan Tate Modern na Landan a 2013, ɗan malamin allo ne, kuma rubutun allo da adonsa suna cikin abubuwan da ya gina fasaharsa a kansu.

Amfanin shafen farko uku ne. Yana toshe ƙofofin abin da za a yi wa fenti don kada ya shanye launi. Yana ba fenti wurin kamawa, domin fenti ba ya zama a kan santsi. Sa'an nan yana mai da fuskar abin launi ɗaya, yadda ja zai fito ja, rawaya ta fito rawaya.

In abin na roba ne ko na ƙarfe, matsalarsa santsi da maiƙo. Da farko sai a kankare layin da ma'ajin zubi ya bari da bakin reza, a wanke shi da ruwa da sabulu da tsohon buroshin haƙori, domin akwai ɗan mai da yake fitowa da shi daga masana'anta, ga kuma maiƙon hannu. In ya bushe sai a manna ƙafarsa a kan marfin kwalba, don a sami abin riƙewa ba tare da an taɓa jikinsa ba. Turawa sun fi yin shafen farko da gwangwanin feshi. A wajenmu yana da tsada, kuma zafinmu ba ya yi masa daɗi. A watan Mayu, lokacin da ma'aunin zafi yake wuce 40, fentin yakan bushe a iska tun kafin ya isa, sai ya sauka kamar yashi, ya cinye fuska da ninkin riga. Wanda ya samu, to ya fesa da sassafe bayan asuba, a fili, daga nisan kamar taƙi ɗaya, a gurguje, kuma kada ya bar gwangwanin a rana. Ranar da aka ga alamar habub kuwa a haƙura, domin ƙura in ta zauna a kan ɗanyen fenti ta zauna ke nan.

Mu abin da muka fi aiki da shi laka ce, tun da ita Allah ya hore mana. Lakar Nilu ita kaɗai takan tsage in ta bushe, don haka sai a gauraya ta da lallausan yashi ko busasshen kashin jaki da aka tankaɗe, a cuɗa sosai. Duk wani ado da ake so, kamar ido, ko ninkin rawani, ko igiyar mangala, a fitar da shi da tsinke tun tana ɗanya. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Sai a shanya a inuwa kwana uku, domin rana tana busar da baya ta bar ciki, abin ya fashe. Daga nan a gasa a cikin garwashi, ko a roƙi magina tukwane su sa a gefen nasu, kamar yadda aka san mutanen unguwar Gamayir da wannan aiki tun da daɗewa.

Gasasshiyar laka ƙishirwa gare ta, kamar sabuwar randa. In ka ɗora mata fenti kai tsaye, nan take za ta shanye ruwan, launin ya dushe, ya yi dabbare-dabbare, bayan kwana kaɗan ya fara zuba kamar gari. Maganin wannan shi ne a dama farin gam na kafintoci, awo ɗaya da ruwa awo uku, a shafe abin duka, a bari ya bushe. Bayan haka sai farin shafe. In akwai ragowar farin fentin bango mai narkewa a ruwa, shi ke nan. In babu, sai a daka guntayen alli da suka rage a aji, a tankaɗe da tsumma, a dama da ruwan ƙaro. Ƙaro dai ba sai an je nema da nisa ba, tun da Sudan ce take fitar da mafi yawan wanda duniya take amfani da shi, kuma shi ne ma abin da yake riƙe launi a cikin fentin ruwa da ake sayarwa a akwati. Ga ƙananan yara alli ya fi jir, domin jir yana cin hannu, kuma haɗari ne ga ido.

Doka ɗaya ce a nan: shafe biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Mai kauri yana cike ido da baki, jaki ya koma kamar dunƙulen fura. A yi na farko, a jira ya bushe, a yi na biyu, sa'an nan a bar shi ya kwana. Wannan jira shi ne abin da ya fi yi wa yaro wuya, kuma shi ne muka fi so ya koya. Don su gani da idonsu, mukan sa kowane rukuni ya gina jakuna biyu iri ɗaya, ɗaya a yi masa shafen farko, ɗaya a bar shi haka, a sa musu launi guda, sa'an nan yaro ya yi mako yana yawo da su a aljihu. Ranar Alhamis ta gaba ba sai malami ya yi dogon bayani ba.

Launin shafen farko ma yana da tasiri. Fari yana sa launi ya yi haske. Baƙi yana ɓoye lungunan da buroshi bai kai ba, amma rawaya da ja suna wahalar rufe shi, sai an yi ta maimaitawa. Ruwan toka yana tsakani. Da 'yan aji shida za su yi jibbar Ansar, da ruwan ƙasa mai haske suka fara, sa'an nan suka riƙa ɗora fari a kan tudun ninki kawai, domin damur ba fari fat ba ne, musamman a jikin wanda ya kwana a filin Karari.

ƊORA LAUNI

Launi biyar sun isa: ja, shuɗi, rawaya, fari da baƙi. Sauran duk haɗawa ake yi. A tsinka fenti da ruwa har ya yi kamar madara, a ɗebo kaɗan a bakin buroshi. Ana farawa daga ciki zuwa waje, kamar yadda mutum yake sa tufafi: fata, sa'an nan riga, sa'an nan abin da aka rataya a kai. In wannan ya bushe, sai a dama baƙi-baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, ya yi ruwa-ruwa kamar shayi, a shafe abin da shi. Da kansa zai gangara cikin ninki da lungu ya zauna, sai ka ga fuska ta fito, yatsu sun rabu. Daga nan a ɗauki busasshen buroshi, a taɓa launi mai haske, a goge shi a tsumma har ya kusa ƙarewa, a riƙa shafawa sama-sama, yadda tudu kaɗai zai ɗauka. Don wannan aiki mun ga aswakin da aka tauna ya yi laushi yana yin abin da buroshin kanti yake yi. Buroshi mai tsini kuwa yara suna ɗaurawa da gashin wutsiyar akuya a bakin tsinke. Saboda zafi yana busar da fenti a faranti cikin ɗan lokaci, sai a shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma, a ɗora takarda mai santsi a kai, a dama launi a kanta. Daga ƙarshe a shafa banish ɗin kafintoci kaɗan, ko a sake bi da ruwan gam, musamman in da ƙaro aka yi aiki, domin ƙaro yana narkewa da gumin hannu.

Mun kuma gwada launukan gida. Jar ƙasa da baƙin tukunya da bular wanki suna zama. Kurkum yana ba da rawaya mai kyau amma rana tana kashe ta. Zoɓo kuwa, wato karkade, ja wur yake a kofi, amma da ya sauka a kan alli sai ya rikiɗe ya koma toka-toka. Yara sun yi ta mamaki, malamin kimiyya ya sami abin da zai gina darasi a kai. Haka lissafi. In mutum mai tsawon santimita 170 ya koma milimita 28, wato an rage shi kusan sau 60, to ƙofa mai mita 2 nawa za ta zama? Yaron da ke gudun rabawa a kan allo, da kansa yake zuwa da amsar milimita 33, domin yana so mutuminsa ya shiga ɗakin da ya gina.

GARGAƊI GA IYAYE

Abu biyu muke roƙo a kula da su. Na farko dalma. Tsofaffin sojojin wasa da dalma ake zuba su, kuma a Ingila an daina yi wa yara su tun 1966 saboda guba ce. Wasu yara suna fasa tsohon batirin mota su narka abin ciki don su zuba 'ya'yan wasa. A hana su. Ba mu manta da yara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a Zamfara ta Nijeriya a 2010 ba. Haka kuma kada a ba yaro fentin mota ko na ƙarfe, kada kuma ya riƙa lasar buroshi don ya yi tsini. Na biyu, wanda ya fi tsanani, shi ne tarkacen yaƙi. Mun ga yaran da suke tsintar kwanson harsashi su mai da shi 'ya'yan dara. Wanda ya saba tsintar kwanso, wata rana zai ɗauki abin da bai fashe ba. Dokar ajinmu ita ce, duk ƙarfen da ba ka san shi ba, kada ka taɓa, ka matsa, ka gaya wa babba.

Akwai kuma iyayen da suka nuna damuwa game da yin siffar abu mai rai. Mun girmama wannan, mun kuma je mun tambayi malamai. Sun ambata mana hadisin 'yan tsanar Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, wanda da shi malamai da yawa suka kafa hujjar sassauci ga abin wasan yara. Mu ba masu fatawa ba ne. Abin da muka tsayar shi ne, duk uban da bai natsu ba, ɗansa zai gina jirgin ruwa, ko raksha, ko rumbu, ko rijiya, kuma shafen farko da launi duk ɗaya ne.

HANYAR KANO ZUWA SAWAKIN

To wane wasa ake yi da abin da aka gina? Na farko dara, mai gida talatin da 'ya'ya goma sha biyu ga kowane ɗan wasa, da 'yar uwarta sija ta mutanen nan. Maimakon tsakuwa da ƙwallon dabino, yanzu wani yana da raƙuma ja, abokinsa yana da shanu farare. Na biyu kuma, wanda muka fi alfahari da shi, wasa ne da muka zana a bayan wani tsohon allon aji, muka sa masa suna Hanyar Hajji. Ana tashi daga Kano, a bi Maiduguri, da Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, da Abeshe, da Adre, a shigo Jinaina, da Fashir, da Nuhud, da Ubayyid, da Kosti, da Sinnar, a ratsa Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, sa'an nan Gadarif, da Kasala, har Sawakin, inda ake hawa jirgi zuwa Jidda. Kowane yaro yana da ɗan matafiyinsa da ya yi wa fenti: wani mai jaki, wani mai raƙumi, wata tsohuwa da ƙullin kaya a ka. Ana jefa tsagin kara huɗu masu fenti a gefe guda don a san gida nawa za a ci, kuma ba a sa ko sisi. Wanda ya faɗa gidan Jazira, guzurinsa ya ƙare ke nan, sai ya tsaya tsinkar auduga har zagaye biyu, kamar yadda dubban kakanninmu suka tsaya bayan buɗe gonakin Jazira a 1925, wasu shekara biyu, wasu har abada. Wanda ya faɗa Ubayyid ya sami jirgin ƙasa, sai ya tsallake zuwa Kosti.

Dattawan da suka yi firamare a zamanin manhajar Bakht al-Ruda, kwalejin horon malamai da aka kafa kusa da Duwaim a 1934, za su tuna darasin labarin ƙasa da ake kai yaro ziyarar abokai a sassan Sudan yana zaune a aji. Mu ma da muka yi horon malanta daga baya, an koya mana cewa aikin hannu darasi ne cikakke, yana da matsayinsa a jadawali. Da tsohuwar zuma ake magani. Jinaina da Fashir sunaye ne da yaranmu suka sani ta hanyar labarin kisa da gudun hijira. Muna so su san kuma cewa garuruwa ne da suka shayar da kakanninsu ruwa, suka ba su masauki.

Wani amfani da ba mu zata ba shi ne na harshe. Kowa ya san halin da muke ciki: yaro yana jin Hausa amma da Larabci yake amsawa. A wajen fenti mun sa doka cewa da Hausa ake roƙon launi, sa'an nan a faɗi sunansa da Larabci don abokan da ba Hausawa ba, su ma su koya. Sai ga kalmomin da suka kusa ɓacewa a gidajenmu suna dawowa: kore, shuɗi, algashi, shunayya, ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan toka. Yarinya ta koma gida ta tambayi kakarta mene ne mangala, mene ne akumari, wane irin zane matan Kano suke ɗaurawa a hanya. Wata tsohuwa da ta shigo ƙasar nan a goye ta zo makaranta da kanta don ta gyara mana, ta ce jakin fatake ba a barinsa ba ƙararrawa.

Ba mu ce fenti zai maye gurbin karatu da rubutu ba. Darasi ɗaya ne a mako, sauran duk na Larabci ne da lissafi da addini da kimiyya, kuma muna sane da yawan abin da ya wuce yaran nan. Abin da muka gani da idonmu shi ne, yaron da ƙarar rufe ƙofa take sa shi zabura, wanda ba ya iya zama minti biyar, yakan yi rabin sa'a shiru yana bin gefen rawani da bakin buroshi. Wanda ya iya wannan zama, zai iya zaman karatu. Motocin yaƙi na laka ba su ƙare a filin makaranta ba, amma sun ragu, jakuna da jiragen ruwa sun yi yawa. Wataƙila kuma a cikinsu akwai wanda zai ci abinci da wannan hannu, domin gidajen Khartum da Umdurman da za a gyara suna jiran masu fenti da kafintoci da magina waɗanda suka san cewa ba a ɗora ado a kan datti.

Roƙonmu ga masu karatu shi ne, wanda yake da ragowar farin fenti mai narkewa a ruwa, ko tsohon buroshi, ko gam, ko marafan kwalba, ya miƙa wa makarantar da ke kusa da shi. Malaman da suke son gwadawa, su fara da dara, ita ta fi sauƙi. Dattawan da suka san hanyar da iyayensu suka biyo, ko ta Darfur ko ta wani wuri, su daure su zo su faɗa wa yara, domin akwai sauran gidaje a allonmu da ba mu sa wa suna ba. Iyaye kuma, in yaro ya kawo ɗan raƙuminsa fari fat ya ce malam ya ce sai ya kwana kafin a sa masa launi, a taimaka a sama masa inda ƙannensa ba za su kai ba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mai da waɗanda suka warwatsu gidajensu lafiya, ya shirya mana zuriya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Wassalam.